Ƙwaryar da Ba a Ajiyewa

Duk wanda ya zauna a Makera, a layin da ke bayan tsohuwar masaƙa, ya san Malam Mamman mai gyaran keken ɗinki. Sai dai ba gyaran keke ne ya yi masa suna ba, hancinsa ne. Mai kunun zaƙi za ta zo wucewa da bokitinta a rufe, shi kuwa yana sunkuye a kan keken wani tela, ko ɗago kai ba zai yi ba zai ce, “Hajiya, ki sayar da shi kafin azahar, ya fara juyawa.” Ta yi ta rantse-rantse cewa yanzun nan ta sauke shi, amma azahar na yi sai ka gan ta tana karya farashi. Masu fura da masu zoɓo sun sha yin fushi da shi, har akwai wadda ta canza hanya gaba ɗaya. Matarsa Hadiza kan ce shekara talatin da biyar ba ta taɓa samun damar ɗumama masa miyar jiya ta ce ta yau ce ba.

Abin da yawancin mutanen layin ba su sani ba shi ne inda hancin nan ya yi karatu. An haife shi a Rafin Tukurwa, wani ƙauye a bakin kogi, kan layin dogon da ya nufi Kafanchan, kuma sunan da aka raɗa masa a coci Matthew ne. Mahaifinsu sana'arsa tatsar bammi, ruwan nan fari da ke fitowa daga tukurwa. Da asuba bammi zaƙi ne da shi kamar ruwan rake, ko yaro ya sha ba abin da zai same shi. Rana na ɗagawa yana kumfa yana tsami, kafin la'asar ya zama giya mai kayar da ƙato. Tun yana ɗan shekara bakwai Matthew yake bin mahaifinsa da yayansa Joseph zuwa bakin kogi, har ya kai in an buɗe gora zai shaƙa ya faɗi tun yaushe aka tatso shi.

Yana da shekara goma sha tara ya hau jirgi ya zo Kaduna, ya samu aiki a masaƙa. Wani tsohon tela a Makera ya ba shi wurin kwana a zaurensa, kuma bayan shekara uku a gidan ya musulunta, ya zama Mamman. Mahaifinsa bai tayar da hankali ba. Duk Kirsimeti Mamman yana zuwa da shinkafa da atamfa, tsohon kuma yakan rataya sabon gora a jikin tukurwa guda, ya kawo masa ɗigon farko na asuba a sabuwar ƙwarya, ya ce, “Sha, wannan ko limaminku ba zai ce komai ba.” Haka aka yi ta tafiya har aka rufe masaƙa, Mamman ya koma gyaran kekunan teloli.

Abin ya lalace ne a shekarar dubu biyu, makon da rikicin addini ya raba Kaduna biyu. A cikin makon tsohon ya rasu. Mamman yana kulle a gida da iyalinsa, ko bakin titi ba wanda ya isa ya leƙa, balle mutum irinsa da kowane ɓangare zai iya yi wa kallon ɗan wancan ɓangaren. Wannan kowa zai yi masa uzuri. Amma hanya ta buɗe bayan sati biyu, bai je ba. Wasiƙar Joseph ta iso da layi guda: “Mun binne shi, ba sai ka zo ba.” Ya san sarai cewa fushi ne ya rubuta ta, amma ya ɗauke ta a matsayin izini, don kunya ta fi ƙarfinsa. Sati ya zama wata, wata ya zama shekara, har shekara goma sha uku. Mutumin da ke jin tsamin kunu daga tsallaken titi ya bar zumuncinsa ya lalace a gabansa yana kallo, kuma ya fi kowa sanin haka.

Wadda ta hana igiyar tsinkewa gaba ɗaya ita ce Gloria, 'yar Joseph, nas ce tana zaune a Narayi. Ita kaɗai takan zo Makera gaisuwa in an yi sallah. Wata ranar Laraba da damina ta zo ba sallah ba biki, ta zauna a kan bencin shago, ta ƙi shan ruwan da aka kawo mata.

“Baba ƙarami, jikin Baba ya yi nisa,” in ji ta. “Zuciyar ce, ƙafafunsa duk sun kumbura. Ni aikina ke nan, ba zan ɓoye maka ba, ban ga alamar zai kai Kirsimeti ba.”

Mamman ya ajiye sukundireba. “Ya ce in zo?”

“Bai ce ka zo ba. Ya ce in ka zo, za a fito da ƙwarya.”

Mamman ya san me ake nufi. A Rafin Tukurwa, 'yan'uwa biyu in sun ɓata, baki kawai ba ya gyarawa. Dattawa kan zauna, a zuba bammin gidan a ƙwarya guda, a miƙa wa wanda ake ganin shi ne mai laifi. Shi zai fara kurɓa, kurɓar nan ita ce amsa laifinsa, sannan ɗan'uwan ya sha, magana ta mutu. Wanda kuwa ya karɓi ƙwaryar ya ajiye ta a ƙasa bai sha ba, ya yanke zumunci ke nan, ko gawa ba za su haɗu a kanta ba.

Kwana biyu yana lissafin sa'o'i. A shekarar an dawo da jirgin Kafanchan, yana tashi da bakwai na safe, ya tsaya a Rafin Tukurwa wajen ƙarfe goma, ya sake biyowa da yamma. In an tatso bammin da asuba a sabon gora aka ajiye shi a inuwa, ƙarfe goma yana nan da zaƙinsa. Ya je wurin limamin layinsu ya tambaya, liman ya ce muddin bai kai ga sa maye ba ruwan itace ne. Ya roƙi Gloria ta buga waya gida ta ce don Allah a sa sabon gora. Ranar Asabar Hadiza ta ɗaure masa turmin atamfa don Esther matar Joseph, ta ce, “Malam, ka dawo a jirgin yamma, ka san ba na son hanyar nan.” Ya ce in sha Allahu tare za su yi sallar isha.

Jirgin ya tashi a kan lokaci, abin da ya ba kowa mamaki. Taragon ya cika da mata masu zuwa sarin citta da doya, sai kuma wasu samari da 'yan mata daga Narayi da Barnawa, su kusan goma, da jarkoki fanko a ƙarƙashin kujera. Yawon shaƙatawa za su bakin kogin Rafin Tukurwa, su sha bammi su ci gasasshen kifi su dawo da yamma. Suna ta waƙa da ɗaukar hoto ta taga. Ƙasar kuwa ta cancanci hoto: an kwana ana ruwa, duwatsu sun wanku, gonakin masara da na citta sun yi kore shar har iyakar gani. Gloria tana nuna masa wurare, shi kuwa idonsa na kan agogo.

Ƙarfe tara saura kwata jirgin ya rage gudu, ya yi ƙugi, ya tsaya a tsakiyar daji. Ruwan jiya ya zaftaro gefen wani tudu, laka da duwatsu da wata ƙatuwar ɗorawa sun rufe layin. Ma'aikatan jirgin suna da shebur biyu da gatari ɗaya.

Ɗaya daga cikin samarin ya leƙa ya dawo yana dariya. “Ku kwantar da hankalinku, gaba ta kai mu! Kafin mu isa abin ya nuna sosai, ba wannan ruwan sukarin na safe ba.” Sauran suka yi shewa.

Mamman ya miƙe. Ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa Gloria, ya cire hula, ya sauka. Dattijo mai shekara sittin da biyu, da furfura a gemu, ya shiga laka har gwiwa yana kwasar duwatsu da hannu. Gloria ta biyo shi tana cewa, “Baba ƙarami, hawan jininka fa!” Bai ko waiwayo ba. Da samarin suka ga haka kunya ta kama su, suka naɗe wanduna suka shigo, har da mai dariyar. Aka yi ta sara ana ja. Duk bayan ɗan lokaci Mamman yakan ɗaga kai ya dubi rana, kuma yana jin abin da ke faruwa a cikin goran can kamar a gabansa aka ajiye shi: yanzu ya fara tsirto, yanzu kumfa ta taso, yanzu zaƙin ya fara gudu. Ƙarfe sha ɗaya ya ce a ransa in an sa shi cikin ruwan kogi zai jure. Sha biyu ta wuce ya daina gaya wa kansa komai. Ya wanke laka a wata kwata, ya yi azahar a gefen layi, kuma a cikin sujada abin da ya roƙa bai wuce a samu wanda ya yi dabarar tatso wani sabo ba.

Ƙarfe uku saura suka sauka a Rafin Tukurwa. Kogin ya cika ya yi ja, tukurwa jere a bakinsa ganyenta na taɓa ruwa, masu gasa kifi sun tayar da hayaƙi a ƙarƙashin rumfuna. Samarin suka kwashi jarkokinsu suka gangara da gudu. Mamman ya tsaya a kan dandamali. Komai na nan yadda ya bar shi, har dutsen da shi da Joseph suke tsalle daga kansa su faɗa ruwa.

A gidan, an shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin mangwaro, dattawa biyar na zaune tun safe. Esther ta fito ta karɓi atamfa tana share hawaye da gefen zani. Joseph na kan kujerar katako, ƙafafunsa a kan turmi, ya rame ya yi baƙi, sai idanun nan da ba su canza ba. Mamman ya durƙusa.

“Yaya, na same ku lafiya?”

“Matthew,” in ji Joseph. “Ƙarfe goma aka ce mana.”

“Ƙasa ce ta rufe layi, Yaya.”

“Kullum akwai abin da ke rufe maka hanya.”

Mamman ya sunkuyar da kai, kuma a nan idonsa ya faɗa kan goran da ke jingine da kujerar. Ba sabo ba ne. Tsohon goran mahaifinsu ne, wanda ya yi baƙi ƙirin, da igiyar fata a wuyansa. Goran nan ba a taɓa wanke cikinsa ba, shi ya sa bammin gidansu ya yi suna, domin ɗigo na faɗawa ciki yake fara aiki. Ko da jirgin ya iso da ƙarfe goma, da ƙyar ne a same shi da zaƙi. Duk lakar da ya kwasa a banza ya kwashe ta. Ya dubi Gloria, ta kawar da kai, alamar ta isar da saƙo an ƙi ji. Ya dubi Joseph, wanda ya san halin goran nan fiye da kowa.

Joseph ya gane kallon. “Sulhun gidan babanmu, a goran babanmu,” ya ce, muryarsa a dushe. “Ko shi ma ka fi ƙarfinsa?”

Babban dattijon wurin, Baba Timothy, ƙanin mahaifinsu, ya yi gajeriyar addu'a, ya karkata goran. Bammin ya zubo da kumfa, tsaminsa ya bugi hancin Mamman tun kafin ƙwarya ta cika. Ba ya buƙatar liman ya gaya masa ko mene ne wannan. Baba Timothy ya miƙo da hannu biyu, Mamman kuma jikinsa ya riga tunaninsa, ya sa hannu biyu ya karɓa, yadda aka koya masa karɓar abu daga babba. Sai da ƙwaryar ta zauna a tafinsa sannan ya tuna cewa kafin a karɓa ake roƙon alfarma.

“Baba,” ya ce, “ya juya. Ku yi mini haƙuri zuwa asuba, a tatso sabo. Laifin nawa ne, na amsa a gaban kowa, ban zo jana'izar babana ba, kuma da hanya ta buɗe ma ban zo ba.”

“Baki ya faɗa, mun ji,” in ji Baba Timothy. “Amma ƙwarya ta riga ta shiga hannunka, ɗana. Ko ka sha, ko ka ajiye. Ni ban san ta uku ba.”

Wani dattijo ya ce kurɓa ɗaya ce kawai, wa zai gani a Kaduna? Mamman ya girgiza kai. Shekara arba'in bai sa abin maye a bakinsa ba, kuma ba don idon mutanen Makera ya bari ba. Ya dubi tabarmar da ke gabansa, tazarar taƙi ɗaya tsakaninta da gindin ƙwaryar. Ya dubi kumburarrun ƙafafun yayansa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko a makon rikici.

Sai ya gyara durƙuso, ya riƙe ƙwaryar a daidai ƙirjinsa.

Da farko an ɗauka shawara yake yi da zuciyarsa. Minti goma ya wuce, ashirin ya wuce. Dattawa suka fara kallon juna. Baba Timothy ya ce, “Matthew, me kake yi?”

“Ban sha ba, Baba, ban kuma ajiye ba.”

“Har yaushe?”

“Har asuba, in Allah ya ba ni iko. In an kawo sabo in sha.”

Wani ya yi tsaki, wani ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Joseph ya kafe ƙaninsa da ido. Ƙwaryar babba ce, an kuma cika ta, ga hannuwan da suka yini suna kwasar duwatsu, duk sun sassale. La'asar ta yi, Mamman ya ji lokacin sallah na wucewa, abin ya ƙara masa ƙunci, amma bai motsa ba. Ƙudaje suka taru a bakin ƙwaryar. Gumi ya jiƙa masa riga. Esther ta zo da ruwa, ta rasa yadda za ta ba shi, sai ta kafa masa kofin a baki ya sha. Gloria ta durƙusa kusa da mahaifinta tana magana ƙasa-ƙasa, ya ɗaga mata hannu ta yi shiru.

Inuwar mangwaro ta miƙe har bakin danga lokacin da aka ji ƙugin jirgi daga wajen Kafanchan. Daga gidan ana hango tasha. Samarin nan suna hawowa daga bakin kogi da jarkokinsu cike, suna tangaɗi suna waƙa.

“Ga jirginka nan,” in ji Joseph. Ita ce maganarsa ta farko cikin sa'a biyu. “Babu wani sai Asabar mai zuwa. Matarka na jira.”

“Na ji shi, Yaya.”

“Ka ajiye ka tafi. Ai ka saba.”

Maganar ta soke shi, hawaye suka zubo, ba shi da hannun sharewa. Jirgin ya tsaya, ya yi minti biyar ɗinsa, ya sake yin ƙugi. Mamman ya tuna Hadiza da alkawarin isha, ya tuna yadda za ta tsaya a bakin ƙofa. Ya saurari ƙarar ƙafafun jirgin tana nisa har ta ɓace, bai waiwaya ba.

A lokacin hannuwansa sun fara rawa sosai. Bammin yana kaɗawa, yana zuba ta gefe, yana bin yatsunsa zuwa gwiwar hannu. Kowa a wurin ya ga cewa ba zai kai magariba ba, balle asuba, kuma in ƙwaryar ta suɓuce ta taɓa ƙasa, daidai yake da ya ajiye. Ya matse ta a ƙirji, ya cije leɓe, tana ta yin ƙasa kaɗan-kaɗan.

Joseph ya sauke ƙafa ɗaya daga kan turmi, ya sauke ɗayar. Gloria ta tashi za ta riƙe shi, ya ture hannunta. Taku uku ne tsakaninsu, amma sai da ya huta a na biyu. Ya sunkuya yana nishi, ya sa tafinsa a ƙarƙashin ƙwaryar.

“Kawo,” ya ce. “Za ka zubar mini da bammin babana.”

“Yaya, in ka karɓa…”

“Na san abin da ake yi, tun ba a haife ka ba.”

Baba Timothy ya ɗaga murya. “Joseph, wanda ya fara sha shi ne mai laifi.”

“To wa ya rubuta masa kada ya zo? Wa ya fito da wannan goran?”

Gloria ta ce, “Baba, likita ya hana ka!” Bai saurare ta ba. Ya ɗaga ƙwaryar, ya kurɓa sau ɗaya, ya yamutsa fuska don tsamin. Sannan ya miƙa wa Baba Timothy, ya dafa kafaɗar Mamman don kada ya faɗi.

Hannuwan Mamman sun sandare a yadda suke, a buɗe a gaban ƙirjinsa, ya kasa sauke su. Joseph ya dube su, ya ga duk inda duwatsu suka yanka, ya daɗe yana kallo.

“Esther,” ya ce, “kawo masa ruwa da tabarma mai tsabta, bai yi sallarsa ba. Gloria, kira matarsa ki gaya mata yana gida. Sannan a duba ɗaki, akwai sabon gora a rataye, tun shekarar da Baba ya rasu yake nan.”